Ruwan Wankan Tabawa

Dalilin da ya sa ruwan teku bai zama ɗaya ba, a tsakiyar duniya ɗumi kamar an sirka wa jariri, can ƙarshen arewa da ƙarshen kudu kuwa sanyi mai datse yatsu, shi zan gaya muku yau. Na san babu wanda ya taɓa ganin teku a cikinku, iyakarku kududdufin bayan gari, shi ma sai da damina. To ku matso, kai kuma mai ƙwaƙular hanci ka ba hancin nan hutu.

A da can, Rana tsohuwa ce mai kaskon garwashi, tana zaune a tsakiyar teku da 'ya'yanta mata biyu, Tabawa da ƙanwarta Kyauta. Aikin 'yan matan shi ne su ɗebi garwashi a kwalekwale, ɗaya ta yi arewa, ɗaya ta yi kudu, suna ɗumama ruwa har bakin duniya, sannan su dawo. Saboda haka duk inda ka tsoma hannu, ɗumin ɗaya ne.

Ana nan suka yi aure. Tabawa ta auri wani masunci a ƙarshen arewa, Kyauta ta auri wani a ƙarshen kudu. Allah da ikonsa suka sami ciki lokaci guda, suka zo gida haihuwa kamar yadda aka saba. Kyauta ce ta riga Tabawa sauka, don haka kullum ita ake fara yi wa wankan jego, tunda tukunyar tsohuwa ɗaya ce. Abin nan ya tsaya wa Tabawa a rai.

Ta ce, "Iya, ni zan yi wanka da ragowar ruwan Kyauta? Ni da na goya ta?"

Tsohuwa ta ce, "Haba Tabawa, ruwa ai ruwa ne."

Kyauta kuwa bakinta ba ya shiru. Daga ɗaki ta ce, "Yaya, in girman a ruwan zafi yake, ga tukunya nan ki shiga ciki."

Shi ke nan, Tabawa ta ɗaure kayanta ta saɓa jaririnta. Kyauta ma ta ce ba za a bar ta da sunan ta kori yayarta ba, ta ɗaure nata. Tsohuwa ta tsaya tsakanin kwalekwale biyu tana roƙo, ta ce ko ba za su zauna ba, su bari ta riƙa bin su tana dafa musu ruwa.

Tabawa ta ce, "To rabin shekara nawa, rabi nata, tafiya da dawowa duk a ciki. Kuma ki rantse, in lokacin juyawa ya yi, ko kina hango ƙofar mutum ki juya. Ba na son a ƙara wa kowa ko yini guda."

Tsohuwa ta rantse. Tabawa dai Kyauta take auna wa, ta manta ba ta auna hanya ba.

Ta koma arewa. Mijinta mai bin kifi ne, ba ya zama, gida daga ita sai jariri. Tunda babu mai kai garwashi kuma, ruwan ƙofar gidanta ya yi ta sanyi har ya daskare, kwalekwalenta ya maƙale a ƙanƙara. Ko ta so komawa gida, babu hanya. Ta yi kewar uwarta, kewa irin wadda ke hana mutum jin daɗin tuwo. Kullum takan fasa ƙanƙara ta tsoma hannu, ko za ta ji alamar tsohuwa.

Wata rana ta hango ta can ƙasa-ƙasa a gefen sama, ɗauke da kasko a ka, tana tahowa a hankali irin tafiyar tsofaffi. Tabawa ta share ɗaki, ta shimfiɗa sabuwar tabarma. Ƙanƙara ta fara narkewa. Da ruwan ya kai iyakar ɗuminsa, ta ce wa jaririnta, "Ka ji? Kakarka ta kusa." Ta fita tarye, sai ta ga bayan tsohuwa. Ashe ta daɗe da juyawa. Hanya ta cinye rabon Tabawa tun ba a iso ba, ruwa ne dai mai nawar ɗaukar zafi, sai yanzu saƙon ya same shi.

Ta yi kira har muryarta ta dushe. "Iya, na janye. Ki shigo ko ruwa ki sha." Iska ta kwashe maganar. Kuma ko da tsohuwa ta ji, rantsuwar ba ta Tabawa kaɗai ba ce, rabinta na Kyauta ne, wadda ita ma take can kudu tana jiran abin da ba zai iso ba. Tabawa ta zura hannu har gwiwa, ta ji sama ne kawai ya yi ɗumi, ƙasa sanyi ƙalau, don mai wucewa ba ta dafa ruwa ya dahu. Ta zauna a kan tabarmar ta yi kuka.

Shi ya sa har yau tsakiyar teku ba ya rabuwa da ɗumi, don ta nan Rana take ratsawa, zuwa da dawowa. In ta nufi arewa, ruwan arewa ya ɗan yi ɗumi, na kudu ya huce. In ta nufi kudu, abin ya juye. Ƙarshen duniya kuwa ba ta taɓa isa ba. Kuma ruwa ba ya kai iyakar ɗuminsa sai ta riga ta juya baya. Tabawa ta san haka sarai yanzu, shekaru sun koya mata. Amma duk shekara in ta tsoma hannu ta ji ɗumin nan, takan tashi ta shimfiɗa tabarmar.