Injin da Zanzaro Ya Yi Wa Ɗaki

Akwai wani mutum, maigida mai babban fili a ƙofar gidansa, wanda ya sayi injin yankan ciyawa, ja jawur, sabo fil. Kai, ya so injin nan! Kowace safiya sai ya goge shi da tsumma, ko da bai yi aiki da shi ba.

Maƙwabcinsa Istifanus ya zo aro domin ya yanke ciyawar bayan gidansa, mutumin ya ce, "Ayya, ɗan'uwa, injin bai gama sabawa da hannuna ba tukuna." Dattawan ikkilisiya suka roƙa don filin majami'a, ya ce wuƙar injin ba ta son tsakuwa. Da ya ga masu aro sun yi yawa, sai ya tura shi can ƙuryar ɗakin ajiya, ya lulluɓe shi da buhu, ya danna kwado. Rani ya zo ya wuce, inji yana barci.

Damina ta sauka, ciyawa ta tashi har gwiwa. Ga kuma bikin 'yarsa Keziya ranar Asabar, a filin nan ne za a jera wa surukai kujeru. Ran Jumma'a da hantsi ya fito da injinsa yana murmushi, ya kama igiya ya fizga. Gurrr, shiru. Ya sake fizga. Gurrr, shiru.

Ba wawa ba ne, ya san abin da inji yake bukata. Ya zubar da tsohon fetur ya zuba sabo. Ya kwance fulogi ya kankare, ya ga yana ba da wuta. Ya ciro soson da yake tace iska ya wanke tas. Ya ja igiya, ya ja, ya ja, har kafaɗarsa ta yi tsami, zufa ta jiƙe masa riga. Inji dai ko tari bai yi ba. Tsoro ya kama shi sosai. A ina zai zaunar da surukai, cikin ciyawa da macizai?

Matarsa Rifkatu ta leƙo ta ce, "Baban Keziya, ko in kira maka Istifanus?"

Kunya ta rufe shi, amma ya ce, "Kira shi."

Istifanus ya zo, ya saurari duk abin da aka yi, ya ce, "Madalla, ka duba duk ƙofofin da abu yake shiga. To, ƙofar fita fa? Ja mu gani." Ya tara tafin hannunsa a bakin salansa, inda hayaƙi yake fitowa. Mutumin ya fizga igiya. Ko iska ba ta taɓa hannun ba.

Istifanus ya leƙa ciki, sai ya fashe da dariya. "Ashe ka yi baƙo ba ka sani ba! Zanzaro ya ga gida shiru, ya yi gininsa." Ya sa guntuwar waya ya sosa, busasshiyar laka ta yi ta zubowa. Aka ja igiya sau ɗaya, inji ya tashi da ƙara, kaji suka watse, Rifkatu ta rangaɗa guɗa.

Mutumin ya tambaya a hankali, "Kai injinka na ban ruwa, zanzaro bai taɓa shigarsa ba?"

Istifanus ya ce, "Yaushe zai samu fili? Yau yana gonata, gobe yana gonar wani. Bai taɓa yin sanyi ba."

Ma'anar wannan misali ita ce: injin nan zuciyar mutum ce. Fetur da iska da wuta su ne alherin da Ubangiji yake zuba mana, wato Maganarsa, da lafiya, da abinci, da gafara. Salansa kuwa ita ce ƙofar da alheri yake fita zuwa wurin maƙwabci. Wani yakan ce, "Ina zuwa sujada, ina jin wa'azi, amma zuciyata ta ƙi tashi." Sai ya ƙara zuwa taro, ya ƙara sauraro, yana ta jan igiya a banza. Ɗan'uwa, ba abin shiga ne ya ƙare maka ba. Rowa ce ta ga wuri shiru, ta yi ta kawo lakarta kaɗan kaɗan har ta toshe ƙofar. Wa ya roƙe ka ka hana? Wa yake jiran gafararka? Can za ka fara sosawa.

Mutumin nan kuwa, an yi biki lafiya a kan fili sumul. Ran Litinin da safe aka ji ƙarar injinsa a bayan gidan Istifanus, kuma shi da kansa yake turawa.