Sarki Barmo da Ruwan Gangare

A zamanin da, tun magani bai wuce saiwa da sassaƙe ba, an yi wani sarki ana ce masa Barmo. Birninsa a kan tudu yake, unguwa tara. Fada na can ƙoli, attajirai da malamai na biye da ita, masu aikin hannu kuwa suna can ƙasa, a unguwar da ake kira Gangare. Sarkin ba azzalumi ba ne, wannan na shaide shi. Aibinsa ɗaya: abin da aka faɗa masa a gaisuwa, shi yake ɗauka labari.

Kullum da hantsi masu unguwanni su zube a gabansa. Ya ce, "Yaya jama'a?" Su ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe." Shekara goma sha ɗaya ana haka, har sarki ya riƙa yi wa baƙi alfahari cewa tun da ya hau, ko mura ba a yi a garinsa ba.

Ana nan, wata damina, wanzamin sarki ya daina zuwa. Mai wanki ya daina zuwa. Mai dama masa fura ita ma shiru. Dukansu mutanen Gangare ne. Kwana goma sha biyu suma ta tsiro a ƙarƙashin rawani, sarki na susa da tsinke a gaban mutane. Ya sa aka matso da Nomau, mai unguwar Gangare.

"Nomau, yaya mutanenka?"

Nomau na durƙushe, ya rame kamar kara, hannu biyu dafe da ciki. Ya ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe."

"Duka?"

"Sai godiya, Zaki."

Sarki ya ce, "To, tunda lafiyarsu lau suka ƙi aikin fada, raini ne. Ran Juma'a kafin a sauko daga masallaci, kada in ji motsin kowa a Gangare. Su nemi wani garin."

In Nomau ya ce ba lafiya, ya ƙaryata kansa na shekara goma sha ɗaya. Kuma a wurinsu, wanda ya kai wa babba mugun labari da safe ba shi da tarbiyya. Ya yi godiya, ya fita da sauri, don cikinsa ma ya kira shi.

Gaskiyar magana, gudawa ce ta kwantar da unguwar. A makon nan kaɗai an binne yara huɗu. Ga damina, ga shuka a gona, ga marasa lafiya. In aka kore su, rabinsu a hanya za a bar su.

A Gangare akwai wata tsohuwa, Tabawa ungozoma. Da ta ji hukuncin, ta ɗauki sandarta ta hau tudu har gidan Waziri Jatau. Ba ta durƙusa ba.

"Kai Jatau, ni na yanke maka cibi, ba zan ce maka waziri ba. Ka san muna mutuwa ko ba ka sani ba?"

Waziri ya ce, "Inna, ina jin ƙishin-ƙishin. Amma sarki ba ya jin magana sai daga bakin mai ita. Ki zo ki faɗa da kanki."

Ya kai ta fada. Sarki ya dube ta ya ce, "Iya, an zo lafiya? Yaya gida?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

Ta fito tana cizon yatsa. Ta ce, "Bakin nan shekara tamanin yana abu ɗaya, yau zan koya masa wani?" Suka tsaya a zaure ita da waziri suka yi shawara.

Waziri ya koma ya ce, "Allah ya ba ka nasara, kakanninka ba su kori jama'a daga nesa ba. Sukan je su tsaya a gabansu, don kada a ce tsoro suka ji." Sarki ya ce shi ba ya tsoron kowa, a shirya.

Ran Laraba ya sauka Gangare. Mutane suka fito, wani jingine da bango, wani riƙe da ɗan'uwansa. Sarki ya ce, "Jama'a, kuna lafiya?" Unguwa ta amsa da nishi, "Lafiya lau."

Sarki ya ce, "Waziri, ka ji da kunnenka."

Sai ga Tabawa da ƙwarya rufe da faifai. Ta durƙusa, ta kurɓa tukuna kamar yadda aka saba, ta miƙa. Sarki ya leƙa.

"Iya, kunun kanwa ne?"

"Ruwa ne, ranka ya daɗe. Na rijiyarmu. Na safe ne ma, ya kwanta."

"Wannan da ke iyo a ciki fa?"

"Ba ya cizo."

Sarki ya duba dama, ya duba hagu. Ba a taɓa jin baƙo ya mayar da ruwan maraba ba, balle daga hannun tsohuwa, balle a gaban jama'a. Ya rufe ido ya yi kurɓi uku. Sa'an nan ya miƙa wa waziri. Wannan kam ba ya cikin shawarar da aka yi a zaure.

"Ranka ya daɗe, azumi nake."

"Da goro a bakinka? Sha."

Waziri ya harari Tabawa, Tabawa ta kalli sama. Ya sha.

Ran Alhamis fada ba ta zaunu ba. Ana tsakiyar shari'a sarki ya miƙe, fadawa suka miƙe, dogarai suka ce, "Hattara, Zaki!" Ya zaga ya dawo, aka zauna. Kafin mai ƙara ya kai ƙarshen maganarsa, an sake miƙewa. Sau tara aka yi haka kafin azahar. A na goma sarki da waziri suka haɗu a ƙofar bayan gida, buta ɗaya. Waziri ya ce, "Bismillah, ranka ya daɗe," hawaye na zuba. Malamin fada ya yi rubutu, aka rasa mai ƙarfin halin wanke allo, don kowa ya fara shakkar ruwa.

Ran Juma'a da safe Tabawa ta zo da ƙunshin kayanta a ka, wai ta zo sallama. Aka shigar da ita. Sarki na kishingiɗe, ido ya faɗa, rawani ya karkace.

Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, an tashi lafiya?"

Sarki ya ce da ƙyar, "Lafiya lau, Iya."

Ta ce, "To, Zaki, irin wannan lafiyar muke da ita a Gangare. Kai kurɓi uku ka yi. Jariranmu da shi ake musu wanka, da shi ake dama musu koko."

Sarki ya ce, "Ajiye kayanki, Iya. Ba inda za ku." Ya juya ga Nomau. "Mutum nawa ke kwance?"

Wannan ba gaisuwa ba ce, don haka bakin Nomau ya buɗe. "Ɗari da goma sha shida, ranka ya daɗe. Huɗu mun binne."

Da sarki ya ji sauƙi, ya sa aka bi kwatar da ke malala kusa da rijiyar Gangare, a ga daga ina take. Aka bi ta, ta ratsa mahauta, ta ratsa bayan gidajen attajirai, ba ta tsaya ba sai a gindin katangar fada. Sarki ya ce, "Ashe namu muka sha."

Ya sa aka juya kwatar ta bi bayan gari. Aka cike tsohuwar rijiya, aka haƙa sabuwa da baki mai tsayi da murfi. Ya aika hatsi da masu jinya. Sa'an nan ya kafa doka: kowace safiya a jefa ƙuri'a, unguwar da ta faɗa wa, daga rijiyarta za a cika randar sarki, da ta waziri, da ta kowane mai unguwa. Attajirai suka ce su fa? Aka ce har da su. Kafin kaka babu rijiyar da ba a yashe ba, kuma waziri da kansa yake zagayawa yana ɗaga murfi yana sunsunawa.

Gaisuwa kuwa ba a taɓa ta ba, kuma daidai ne, don garin da ba a gaisuwa ba gari ba ne. Sai dai an yi mata ƙari. Kullum da hantsi sarki, kansa a aske, ya ce, "Nomau, yaya jama'a?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

"Madalla. Nawa ke kwance?"

"Biyu. Ɗayan ma jaki ne ya harbe shi."

Iyakar abin da aka ba ni ke nan, na ba ku. Wanda ya ji, ya tashi ya rufe randarsa.