Sha-Raɓa, Karen da Ke Yawo Cikin Barci

Ga ta nan tafe, ga ta nanku!

Ta ƙaraso, mu sha labari!

To, ku matso. Ke Ladidi, janye ƙafarki daga kan zanena. Wanda ya yi gyangyaɗi ba zan koma masa baya ba, na faɗa muku tun yanzu.

Wani maharbi aka yi, sunansa Tunau. Yana da mata ɗaya, Yalwa, da kare ɗaya. Karen nan ja ne, siriri, mai dogayen ƙafafu. Kullum da sassafe suke fita daji shi da ubangidansa, ciyawa na jiƙa su. Shi ya sa aka sa masa suna Sha-Raɓa.

Ana nan, ana nan, ran nan Tunau ya dawo daga daji da zazzaɓi. Kwana uku ya yi a kwance, Allah ya karɓi abinsa. Yalwa ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Da yake babu mai fita da kare, sai ta kafa turke a gindin tsamiyar tsakar gida, ta ɗaure shi.

Takaba ta ƙare. Mata suka zo, aka yi mata kitso, aka ce, "Yalwa, sai fita." Ta ce to. Ta zo bakin zaure, ta hangi hanyar da mijinta ke bi, sai ta tsaya cak. Ta koma ciki, ta ɗauki mazari ta ci gaba da kaɗin audugarta. Karen ma ba ta kwance shi ba. A ranta ta ce, "Dajin nan ya ci mini ɗaya, ba zan ba shi na biyu ba."

Kada ku ce muguwa ce. Wallahi son karen nan take yi. Tuwo da romo, ƙashi mai ɓargo, kaskonsa bai taɓa bushewa ba. Ni na san irin wannan so, yana ba ni tausayi, yana kuma ba ni haushi.

Sha-Raɓa ya yi ƙiba. Da farko haushi yake yi, ya tona rami, ya tattauna igiya. Daga baya ya daina, sai barci. Da hantsi barci, da azahar barci. Yana kwance, ido a rufe, ƙafafunsa na gudu.

Ran nan da rana tsaka, ƙasa a bushe ƙayau, ya farka. Yalwa ta duba, sai ta ga ƙafafunsa sharkaf da raɓa. Ta yi masa waƙa. Ku ne karen, in na ba da waƙa ku ce "nesa, nesa."

Sha-Raɓa, ina ka je?
Nesa, nesa.
Da igiya a wuyanka?
Nesa, nesa.
Wa ka gano a can?
Nesa, nesa.

Kare ya ce, "Inna, yawo na je cikin barci. Akwai wata hanya, ciyawarta fara ce, ga sanyi. Can gaba ina jin fito irin na Maigida."

Yalwa ta ajiye mazari. Ta ce, "Ashe tafiya yake so. To wace irin tafiya ke isar kare a yini?" Ba ta sani ba, don ba ita ke fita da shi ba. Sai ta leƙa bayan randa, inda Kunkuru ke kwanciya.

Ta ce, "Malam Kunkuru, kai da ka daɗe a duniya, wace tafiya ke isar mai rai a yini?"

Kunkuru ya fito da kai a hankali, ya ce, "Daga nan zuwa rumbu. In an ji ƙarfi a zagaya shi. Ni bara na zagaya, har yau hutawa nake."

Yalwa ta ji daɗi, don rumbu a cikin gida yake. Ta kama igiya, ta zagaya rumbu da kare sau uku.

Kare ya ce, "Inna, yaushe za mu fara?"

Ta ce, "Ai mun gama."

Ya dube ta, ya koma gindin turke ya kwanta. Bai farka ba sai la'asar. Da ya tashi, jikinsa duk ƙarangiya, alhali ko tsinke babu a tsakar gidan. Ta yi masa waƙa.

Sha-Raɓa, ina ka je?
Nesa, nesa.
Da igiya a wuyanka?
Nesa, nesa.
Wa ka gano a can?
Nesa, nesa.

Ya ce, "Inna, yau na wuce farar ciyawa. Na ji ƙamshin ruwa. Fiton ya matso."

Yalwa ta rasa inda za ta sa kanta. Sai ga Jakin maƙwabta ya ɗora haɓa a kan danga, yana tauna kara.

Ta ce, "Jaki, kai da hanya ta san ka, wace tafiya ke isar kare?"

Jaki ya ce, "Tafiya ai ganin gari ce, Inna. Gobe kasuwa ke ci. Sa shi cikin mangala in kai shi in dawo da shi. Na ɗauki gishiri, na ɗauki kanwa, kare ne zai gagare ni?"

Yalwa ta ji daɗi, don ba ita za ta fita ba. Da safe ta cusa kare cikin mangala, kansa kaɗai a waje. Jaki ya tafi ƙwaras ƙwaras, ya dawo ƙwaras ƙwaras.

Ta ce, "Yaya hanya?"

Kare ya ce, "Idona ya je kasuwa, Inna, ƙafata ba ta je ba. Hancina ko ƙasa bai taɓa ba."

Ya kwanta. Wannan karon bai farka ba sai hantsin washegari. Da ya tashi, laka ce a jikinsa har ciki, baƙar laka irin ta rafi. Ta yi masa waƙa.

Sha-Raɓa, ina ka je?
Nesa, nesa.
Da igiya a wuyanka?
Nesa, nesa.
Wa ka gano a can?
Nesa, nesa.

Ya ce, "Inna, na kai rafi. Na hangi Maigida a tsallake. Na shiga, ruwa ya kai mini ciki, sai na tuna ba ki da kowa, na juyo. Amma in na sake zuwa, ban san ko zan iya juyowa ba. Wanda ya haye ba ya farkawa."

Duk maganar nan a kunnen Zomo. Ta ramin danga ya shigo yana satar ganyen wakenta. Shi kuwa Zomo yana da tsohuwar ƙullalliya, don Sha-Raɓa ne ya taɓa gutsure masa wutsiya a daji.

Ya goge baki, ya ce, "Sannu Inna, ya ƙarin haƙuri? Na ji abin da ke damunki. Ki rabu da waɗancan, ɗaya rarrafe ya iya, ɗaya dako. Ni ne likitan tafiya."

Ta ce, "To likita, yaya za a yi?"

Ya ce, "Wata nawa bai fita ba? A haɗa tafiyar gaba ɗaya, ya yi ta yini guda a huta. Kuma da tsakar rana ta fi shiga jiki. Ke dai kwance shi, ki koma kan kaɗinki."

Ita kuwa da ta ji ba da ita za a je ba, sai ta kwance igiya. Kai, Yalwa! Da ina wurin da na finciko zanenta.

Zomo ya zura, kare ya bi. Rana ta take, rairayi kamar kaskon tuya. Zomo ya yi gabas, ya yi yamma, ya tsaya ya yi gwalo, ya sake zurawa. Kare kuwa ga ƙiba, ga watanni ba motsi. Numfashinsa ya sarƙe, tafin ƙafafunsa suka sale. Da jan ciki ya dawo gida, harshe a waje. Zomo na kan suri yana riƙe ciki don dariya.

Sha-Raɓa ya faɗi a gindin turke. Yalwa ta mayar masa da igiya, ta shafa masa man shanu a ƙafafu. Yini ɗaya bai farka ba. Yini biyu bai farka ba. A na uku ƙafafunsa suka daina gudu, suka koma iyo, ruwa na ɗiga daga gashinsa. Ta yi masa waƙa.

Sha-Raɓa, ina ka je?

A'a, ku yi shiru. Kada ku amsa. Ai bai amsa ba.

Yalwa ta naɗa igiyar a hannunta, ta jingina da tsamiya tana kuka. Inuwa ta yi sanyi, kurciya na kira can nesa. Barci ya sace ta. Sai ta ji igiya na jan ta, a hankali, a hankali.

Ta tsinci kanta a kan wata hanya. Ciyawa fara fat, tana kaɗawa ba iska. Ga rana amma ba zafi. Zabi na wucewa a jere, ba a jin takunsu. Raɓa ta jiƙa mata ƙafa, ƙarangiya ta kama mata zane, ta yi ta tafiya ba gajiya har bakin rafi. Ga Sha-Raɓa a tsakiyar ruwa, kansa kaɗai ake gani. Ga Tunau a tsallake, zaune kan dutse, yana gyara kwarinsa.

Ta ja igiya da ƙarfi. Igiya ta zama zaren audugarta, tana ja yana ƙara tsawo.

Ta ce, "Maigida, ka tafi ka bar ni. Shi ma sai ka ɗauke?"

Tunau ya ce, "Yalwa, ni ban kira shi ba. Tsohon fitona ne ya rage a kunnensa. Hanya yake nema. Da ya rasa ta a wurinki, ya zo nema nan."

Ta ce, "Na tambayi Kunkuru, na tambayi Jaki, na tambayi Zomo."

Ya yi dariyar nan tasa da ta sani, ya ce, "Har da Zomo? To saurara. Ku fita da safe da raɓa, ku dawo in ta bushe a ƙafarki. Da yamma ku jira ƙasa ta huce, har ki iya taka ta ba takalmi, ku dawo in zabi sun hau bishiya. Kullum, ba rana ɗaya ba. In ya tsaya shinshina ki tsaya, a nan yake jin labarin duniya. Yanzu da ya yi nauyi ku fara da kaɗan, ran da ya tsufa kuma ki rage masa. In ya dawo ya sha ruwa ya kwanta shiru, ta ishe shi."

Ta ce, "Wa zai kai shi?"

Ya ce, "A ƙafarki na ce raɓar za ta bushe."

Hawaye suka zubo mata. Ta ce, "Tsoron hanyar nake ji. Ko'ina na duba sawunka ne."

Ya ce, "In ba a bin ta, ciyawa za ta rufe sawun. Yi sauri, ya kusa fitowa ta nan."

Yalwa ta duba, saura ƙiris kare ya taɓa gaɓa. Ita ba ta iya fito ba. Sai ta saki zaren ya bi ruwa, ta buɗe murya ta ce, "Sha-Raɓa! Zo mu tafi yawo, ni da kai!"

Kunnuwansa suka miƙe. Ya dubi Maigida, ya dubi Inna. Tunau ya sunkuyar da kai kan kwarinsa. Kare ya juyo.

Yalwa ta farka a gindin tsamiya, bakin zanenta a jiƙe. Sha-Raɓa ya buɗe ido, ya buga wutsiya a ƙasa sau ɗaya. Nan take ta tumɓuke turken, ta sa shi a murhu.

Da ƙafafunsa suka warke, suka fita da sassafe. A bakin zaure Yalwa ta sake tsayawa cak. Kare ya tsaya, ya waiwayo, yana jira. Ta ce bismillah, ta taka. Ran farko iyakarsu rijiya. Bayan kwanaki suka kai babbar kukar bayan gari. Ran nan sai ga su a bakin rafi, na gaske, ɗan ƙarami, ruwansa iya idon sawu. Ga wani dutse da ya yi sumul saboda zama. Yalwa ta zauna a kai, ta yi kukan da ba ta yi ba duk tsawon takaba. Kare ya kwanta kusa da ƙafarta har ta gama. Sannan suka tashi, don raɓa ta fara bushewa.

A hanyar dawowa suka ci karo da Zomo. Ba sai na faɗa muku ba, ku dai dubi abin da ya rage masa na wutsiya.

Da suka iso gida Sha-Raɓa ya sha ruwa, ya kwanta. Yalwa ta zauna tana kallon ƙafafunsa. Shiru suke, a bushe.

Tun daga ran nan, in kun ga kare na barci ƙafafunsa na motsi, guntun hanyar da bai ƙarasa ba yake takawa. In kaɗan ne ku bar shi. In ya yi yawa, ku tashi ku fita da shi. Tuwo kaɗai ba ya riƙe kare. Yana son tafiya safe da yamma, kullum, kuma tare da mai shi. Wanda kake so, in ka ɗaure shi don tsoron rasa shi, ta nan za ka rasa shi.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera a cikin kasko! Ladidi, ƙafarki ce nake gani tana motsi? Ku tashe ta, kada ta kai rafi.