Makullin Gidan Iya Tabawa

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku, kuma ni aka fi cuta a cikinta, ko da yake har yanzu babu wanda ya zo yi mini jaje. Ni Bawale dillali, da na sayar da gidajen cikin birnin Zariya da wannan harshen nawa har masu gidan suka riƙa nadamar rabuwa da su, ga shi gida ɗaya ya tsaya mini a maƙogwaro. Masu sayensa ne suka yi yawa.

Gidan Iya Tabawa ne, a ƙarshen wani lungu da mota ba ta shiga sai ta karce gefe. Kakanta ya gina shi lokacin da yake fataucin goro, kuma tun daga ranar siminti bai taɓa jikinsa ba. Ginin ƙasa ne, an shafe shi da makuba, ja-ja-wur kamar an gasa. Zankwayensa na nan tsaye, ko ɗaya bai guntule ba. A fuskar gidan akwai zanen dagi da takobi, da wani keke da maginin ya zana don a lokacin ya fara ganin keke. Ƙyauren ƙofar na katako ne mai kauri, an jera masa ƙusoshin maƙera, in an tura shi sai ya yi wani gurnani da duk lungun ya sani. Ka shiga zauren ka ɗaga kai, bakan gizo ne suka taso daga kowace kusurwa suka haɗu a tsakiya, inda aka manna wata tasar tagulla mai walƙiya. Da bazara, sa'ad da masu gidan kwano ke juyi a tabarma suna fifita, shiga zauren nan kamar shiga randa ne.

Da gwiwoyin Iya suka gaza, ɗanta Alhaji Mudi ya ce ta koma wurinsa Kaduna, a sayar da gidan. Ta yarda, amma da sharaɗi: wanda zai saya ya zauna a ciki yadda ya same shi. Alhaji Mudi ya ce to. Shi kuwa tuni ya gama magana da wani attajiri daga Sabon Gari wanda zai baje gidan ya yi jerin shaguna.

Akwai mutum uku da suka tashi tare a lungun, kowannensu ya daɗe yana haɗiyar miyau a kan gidan. Malam Sallau, tsohon hedimasta, katangarsu ɗaya da Iya, shekara da shekaru yana jin gurnanin ƙyauren nan daga ɗakinsa mai zafi. Jatau mahauci, ƙato mai tumbi, a shigifar gidan aka haife shi lokacin da ubansa ke zaman aro, ya girma yana kallon benen da ba a taɓa barinsa ya hau ba. Sai Hajiya Ladidi mai atamfa da leshi, wadda ta gina gidan bulo mai tayil har bango, duk da haka in ta yi baƙi daga Kano sai su ce ta kai su su ga gidan Iya, su ɗauki hoto a can, nata ko a waya ba su saka shi.

Aikina na yi, kuma na yi shi da kyau. Na kai kowannensu zauren shi kaɗai, na bar shi ya ɗaga kai ya kalli tasar. Na ce wa Malam Sallau, "Jatau ya ce nan zai riƙa shanya kilishi." Na ce wa Jatau, "Ladidi har ta auna inda za ta rataya labule." Na ce wa Ladidi, "Ai Malam ya ce mace ba ta san darajar irin wannan gini ba." Mutanen da suke cin tuwon sallah a kwano ɗaya, kafin mako ya zagayo sun koma gaisuwa daga nesa. In wannan ba gwaninta ba ce, ku faɗa mini sunanta.

To, ga abin da kowannensu ya yi.

Malam Sallau ne ya fara hango baƙin mutane suna jan igiyar awo a ƙofar gidan, bayan an tafi da Iya. Ya tambaya, aka ce an kusa sa hannu, katafila na hanya. Alhaji Mudi ya ja shi gefe ya ce, "Malam, ka yi shiru kawai, bana kujerar Makka tana wuyana." Malam Sallau bai taɓa zuwa hajji ba, kuma kowa ya san yadda abin ke cinsa. Sai kawai ya ɗauki sandarsa ya nufi gidan mai unguwa. Ya tuna masa al'adar lungun tun kakanni: ba a sayar wa baƙo gida sai an fara yi wa maƙwabta tayi a gaban dattawa. Matasa sun manta da ita, mai unguwa kansa sai da liman ya tabbatar masa. Aka taru, aka kira Iya a waya, ta ji abin da ɗanta ya shirya, ta yi salati. Aka tsayar da ciniki har bayan damina, aka sallami attajiri. Malam ya rasa kujerarsa, Alhaji Mudi ya daina amsa sallamarsa. Da bai tashi ba, yau inda tasar take ana sayar da caja da katin waya.

Damina ta sauka gidan yana rufe, kuma kun san ginin ƙasa ba ya son kaɗaici. Iya kan sa a hau soro kowace shekara a cire ciyawa, a share indararo, a toshe tsaga. Bana kowa yana jiran ya ga wa zai samu, babu mai son ya gyara wa wani. Ran nan da la'asar aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Jatau yana lungun, kuma ba zumunci ya kawo shi ba, leƙe ya zo yi ko Malam ya fara huda katanga. Yana fake a ƙofar sai ya lura kowane gida indararonsa na zuba, na Iya shiru. Wanda aka haifa a gidan ƙasa ya san ma'anar wannan shirun: ruwa ya kwanta a kan rufi, yana jiƙa shi, in ya ƙoshi sai azara ta saki, zauren ya zauna. Jatau ya aro tsani ya hau da tumbinsa, ya tarar ruwa har ƙauri. Sheƙar tantabaru da ciyawa sun cushe bakin indararo. Ya sa hannu yana yagewa yana jifa, ɗaya bayan ɗaya, har ruwan ya sami hanya. Wajen saukowa tsani ya zame. Ƙafarsa ta dama ta karye, mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma har yau Jatau ɗingishi yake yi zuwa mahauta. Da bai hau ba, da abin da Malam ya tsare ya zama tarin laka kafin magariba.

Alhaji Mudi kuwa, ganin ciniki ya daɗe, sai ya ce bari ya fara cin abin da ya samu. Ya sayar da ƙyauren da tasar ga wani mai tara kayan da, irin waɗanda ke kai su manyan otal a jingina a bango. Aka ɓalle su da hantsi, aka maƙala wata ƙofar ƙarfe mai shuɗin fenti. Labari ya kai wa Iya, ta ce, "Ta ƙofar nan aka shigo da uwata amarya, ta nan aka fita da ita. Tunda sun cire ta, ba gidanmu ba ne. Ku kira mai shagunan ya baje." Ladidi tana kanti ta ji. Ta bar mai ciniki da atamfa a hannu, ta hau acaɓa, abin da ta rantse ba ta ƙara yi, ta cim ma motar a tasha ana ɗaure kaya. Ta haye bayan a-kori-kura da leshinta mai tsada, ta zauna daram a kan ƙyauren, ta rungume tasar. Direba ya ce, "Hajiya, sauko mana." Ta ce, "Ja mu tafi, ɗan nan. Ni da ƙofar aka saya." Jama'a suka taru, tana ba su labarin gidan da ƙarfi, rana na dukanta har azahar. Da kunya ta ishi mai kayan ya ce a mayar masa da abin da ya biya, ba ta tsaya jiran kowa ba, ta ciro sarƙar gwal ɗin da ta gada wurin uwarta ta miƙa masa. Kafin la'asar ƙyauren ya koma mazauninsa ya yi gurnaninsa, aka kara wa Iya waya ta ji, ta janye maganarta. Da Ladidi ba ta hau motar nan ba, da Iya da bakinta ta ba da gidan a rushe.

Da kaka ta yi aka kawo Iya, aka shimfiɗa mata buzu a zauren, makullin ƙarfe mai tsawon tafin hannu yana ɗaure a bakin zaninta. Su uku suka zauna, kowa yana kallon tasar don kada ya kalli ɗan'uwansa. Kuɗi ba su ne matsala ba, duk sun yarda da abin da dattawa suka yanka.

Malam Sallau ya gyara murya ya ce, "Iya, ba don yabon kai ba, wanda ya hau soro da wadda ta hau mota, ai sai da suka tarar da gida a tsaye."

Jatau ya miƙe ƙafar ya ajiye ta tsakiyar tabarma yadda kowa zai gani. "Malam, kai baki ka kai gidan mai unguwa, ka dawo da abinka lafiya. Ni ga tawa takardar shaidar."

Ladidi ta taɓe baki. "Wa ya aike ka? Leƙen asiri ka zo, Allah ya kama ka da ruwa. Ku biyun nan ƙasa kuka ceta, ƙasa kuwa ko a kududdufi akwai ta."

"To Hajiya, ɗauki ƙofarki ki kafa a fili ki kwana a bayanta," in ji Jatau.

Mai unguwa ya ce ko a raba gidan uku. Iya ta nuna sama da sandarta ta ce, "Raba mini wannan bakan in gani. Ka zare ɗaya, sauran su biyo shi." Sannan ta juyo kaina. "Kai Bawale, munafukin Allah, kai ka hura wutar nan. Faɗi wanda zan ba."

Kun ji sakayyar da aka yi mini, a gaban mutane, ina sanye da sabuwar babbar riga. Duk da haka na daure, na kawo shawara ta adalci. Na ce tunda abin zai raba zumunci, ni zan sadaukar da kaina in karɓi gidan, kowannensu ya riƙa zuwa shan inuwa duk ranar Juma'a. Rabon da mutanen nan uku su haɗa baki a kan magana ɗaya tun kafin damina, sai ranar. Har Jatau da gurguwar ƙafarsa ya raka ni bakin lungu, takalmina ɗaya sai aiko mini da shi aka yi.

Makullin yana nan a bakin zanin Iya. Ta ce ba za ta zaɓa da kanta ba, don duk ukun a gabanta suka yi rarrafe. Ƙarfinta kullum raguwa yake yi, Alhaji Mudi bai goge lambar attajirin nan daga wayarsa ba, kuma in ta rufe ido ba a yanke ba, shi ne magaji. Ni an cire ni, na haƙura, Allah ya isa. Saura ku. Tsakanin wanda ya bar kujerar Makka ya hana a rushe gidan, da wanda ya ba da ƙafarsa ya hana shi faɗuwa, da wadda ta ba da gadon uwarta ta dawo masa da ƙofarsa, wa Iya Tabawa za ta kwance wa makullin?