Kalmar da Ya Sani da Harsuna Bakwai

Akwai wani saurayi da ake wa laƙabi da Sarkin Yawo. Shekara shida ya yi a waje, bai fi sau uku ya bugo waya gida ba.

Da ya dawo, gidan ya yi masa kaɗan. Ya ɗan zauna ya zuba wa mahaifiyarsa labari tana gyaɗa kai tana murmushi, sai ya zari takalmi ya fice.

A rana ta huɗu ya je shagon kawunsa mai aski. Yana kan kujera ya buɗe wa jama'a karatu.

"Kun san kalmar 'mama' ba tamu ba ce mu kaɗai? Harsuna bakwai na ji ta da kunnena. Masana sun ce daga leɓen jariri ta samo asali. Ya haɗa leɓe ya buɗe sau biyu, shi ke nan."

Kawu ya kashe injin aski.

"Sannu, shehin malami. Bakwai ka ce?"

"Bakwai cif, Kawu."

"To mai sunan fa? Da ka kira ta, da wane harshe ta amsa?"

Kawu bai jira amsa ba.

"Yau shekara biyu ke nan kunnen yayata ya mutu. Kullum wayarta na ɗaure a bakin zani, kada ka bugo ta rasa jin motsinta. Kwana huɗu kana gidan, ba ka lura ba?"

Saurayin ya cire ƙyallen wuyansa, ya fita da rabin aski.

A gida ya tarar da mahaifiyarsa tana shanya, ta ba ƙofa baya.

"Mama."

Ba ta juyo ba. Ya ɗaga murya, ta ci gaba da matse riga.

Ya zagaya gabanta ya durƙusa, ya sake faɗa, muryar ta ƙi fita.

Ta dubi bakinsa. "Na'am," ta ce. "Wannan kam ko ban ji ba ina gane ta. Ni na fara ganinta a leɓenka."

Ta shafa kansa. "Wa ya yi maka wannan aika-aika?"

Ya kasa ɗago ido.

Darasi: Sanin asalin kalma ba ya maye gurbin faɗinta ga mai ita. Idan mahaifiyarka na raye, kira ta yau tun tana ji. Ka tura wa wanda ya daɗe bai bugo gida ba.