Karkatacciyar Ƙofar Cindo

Tun zamanin da giwa ke kiwo a inda kasuwarmu take yau, aka yi wani maharbi, Cindo na Dela, kibiya guda nama biyu. Sau uku mahara suna ƙone ƙauyensu, a na ukun suka tafi da ƙanwarsa. Ya tattara gida arba'in da suka rage, ya hau da su Dutsen Tsauwa, inda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta hau.

Rani biyu suna ginin ganuwa. Gindinta duwatsu ne, samanta tubali, kaurinta ya ishi mutum biyu su jera. An ce dutsen kusurwa Cindo ne ya ɗaga shi kaɗai. Ni dai ban gani ba, amma na ga dutsen, ƙarti goma ba sa motsa shi.

A kan ƙofa rigima ta tashi. Tunau, babban magininsu, yana son ta miƙe da faɗi, irin ta manyan birane. Cindo kuwa ya tsufa yana haƙar ramin beguwa, ya san ba ta miƙe rami. Ya dage hanya ta bi gindin ganuwa, bango a hannun daman mai hawa, ƙofar ta matse, ta lanƙwasa sau biyu.

Tunau ya ji kunya har cikin ransa. Ya ce, "Maharbi, jikokina za su ce ban iya miƙe bango ba."

Cindo ya ce, "Bari dai a samu jikokin da za su faɗa."

Da kaka mahara suka dawo, doki ɗari uku. Nan aka ga aikin beguwa! Garkuwa a hagu ake riƙe ta, ga ganuwa a dama, kowane barde ya zo da haƙarƙarinsa a buɗe. Kibau suka zubo, mata suna sako duwatsun niƙa. Waɗanda suka kai ƙofa suka cushe a lanƙwasa, doki ba gaba ba baya. Kafin rana ta take tsaka sai ƙurarsu, a Tsauwa kuwa ba a rasa ko ɗan tsako ba. Tunau ya dafa bangon nan ya yi kuka don murna.

Har yau jaki ba ya shiga Tsauwa sai an sauke masa mangala, fatake suna ta tsaki. Zuriyar Tunau ke yaɓe ƙofar duk rani, sun fi mutum ɗari. Suna yaɓe suna dariya, suna cewa kakansu bai iya miƙe bango ba.