Ba Mu San Wani Maiwada Ba

Akwai wani mai walda a Ƙauran Namoda, sunansa Maiwada. Gwani ne na gaske, ƙarfe in ya shiga hannunsa sai ya yi laushi kamar tuwon gero. Amma Allah ya jarrabe shi da ciwo guda: zargi. Ka gaishe shi da fara'a, ya ce me aka faɗa maka? Ka gaishe shi a daƙile, ya ce dama ya sani. Ko akuya ta dube shi sau biyu, sai ya tambayi ta gidan wa ce.

Tun yana saurayi yake shagon Alhaji Jaji, kan hanyar tasha. Alhaji ne ya koya masa sana'a, shi ya tura shi makaranta ya samo takardar shaida, shi kuma ya tsaya masa a wurin aure. Baba yake ce masa.

Wata rana Maiwada ya ji Kanada na neman masu sana'ar hannu, kuma wanda ya cika sharuɗɗa ana iya ba shi izinin zama na dindindin, shi da iyalinsa. Bai bi ta hannun dillali ba. Mutumin da bai yarda da inuwarsa ba, ina zai yarda da dillali? Da kansa ya bi hanya daki-daki: fasfo, jarrabawar Turanci, gwajin asibiti. Duk zuwan da ya yi Abuja, cewa yake yi ya tafi Gusau sayen kayan aiki.

Matarsa Zulaihat kaɗai ta sani, ita ma don dole sai da hotonta da na yara. Sai da ya sa ta rantse.

Ana cikin haka aka nemi sunaye da lambobin waɗanda ya yi aiki a ƙarƙashinsu, don a tabbatar da gaske mai walda ne. Ya ba da lambar Alhaji Jaji. Ya ƙara da ta Kamilu, tsohon yaron Alhaji da ya buɗe nasa shagon a Shinkafi, inda Maiwada ya taɓa zama ya yi aiki. Babu wanda ya gaya wa a cikinsu.

Zulaihat ta ce, "Baban Salim, ka hwaɗa ma Baba Alhaji mana. Lambarshi fa ka ba su."

"Ke Zulai, baki shi ka yanka wuya. In Baba ya ji, majalisa ta ji. In majalisa ta ji, kasuwar hatsi ta ji. Kahin jirgi ya tashi an cinye mu da baki."

"To in sunka kira shi fa?"

"Gaskiya zai hwaɗi. Baba bai ƙarya."

Aka yi ta jira. Damina ta wuce, aka yanke gero, aka kai rumbu. Sannan amsa ta zo a wayarsa: ba a amince ba. Dalili kuwa, wai an kasa tabbatar da cewa ya taɓa yin aikin walda.

Shi Maiwada? Mutumin da rabin ƙofofin Ƙaura aikinsa ne?

Nan ciwon nasa ya tashi gadan-gadan. Ya fara da gida.

"Wa kika hwaɗa mawa? Yayarki Saliha ce ko? Na ga irin kallon da ta yi man ran suna."

Zulaihat ta ce, "Saliha ciwon ido take, kowa haka take kallo."

Bai yarda ba. Ya daina cin abincin da ya shigo daga maƙwabta. Ya daina amsa sallamar mai shayin bakin layi, wai ya taɓa tambayarsa ko yana son sanyi. Daga ƙarshe zarginsa ya sauka kan Kamilu. Ai dole shi ne. Hassada ce, tun suna koyon aiki yake jin haushin hannunsa. Ya ƙudura ranar kasuwar Shinkafi zai je su yi ta ta ƙare.

Da safen ranar ya biya shago neman izini, fuska a murtuke. Alhaji Jaji ya dube shi, ya ja shi bayan janareta inda ƙara ba za ta bari kowa ya ji ba.

"Ɗana, na ga ka rame. Ko sun kira ka kai ma?"

"Su wa, Baba?"

Alhaji ya waiga hagu da dama. Kun san halin da yankinmu yake ciki. In baƙuwar lamba ta kira tana tambayar wane yana nan, ina yake kwana, me yake samu, ba wanda zai ɗauka alheri ne. Haka masu kai wa ɓarayin daji rahoto suke farawa.

Alhaji ya ce, "Da damina wata mata ta kira ni. Hausatta ta Kano, tana haɗawa da Turanci. Wai na san Maiwada? Yana aiki wurina? Tun yaushe? Mi nike biyan shi? Nic ce a raina, yau ga infoma har da ladabi."

Maiwada ya ce, "Sai kac ce mi, Baba?"

Alhaji ya gyara hula, yana murmushin wanda ya yi abin kirki. "Nic ce, baiwar Allah, ba mu san wani Maiwada ba. Tun da nike ban taɓa jin sunan ga ba. Ta ce ba shagon walda ba ne? Nic ce a'a, goro nike saidawa! Ina kashewa na kira Kamilu, nic ce in an tambaye ka, ba ka san shi ba. Ilai kuwa sai ga kira nai. Ya ce musu shi ma bai sani ba. Ban hwaɗa maka ba don kar hankalin iyalinka ya tashi. Da girmana na yi ƙarya saboda kai, Allah ya yahe man."

Maiwada ya zame ya zauna a kan tulin rodi. Sannan, a hankali, ya kwashe labarin duka ya faɗa: Kanada, jarrabawa, Abujar da ya mayar Gusau.

Murmushin Alhaji ya gushe. Ya kashe janareta da hannunsa, shagon ya yi tsit.

"Wato kai kab ba su lambata?"

"Ni ne, Baba."

"Ka yarda da Turawan da ba ka taɓa gani ba, ka ba su sunana. Ni da nir riƙa hannunka ran da kaf fara kama ƙarhe, ni ka ɓoye mawa?"

"Tsoron baki nika yi, Baba."

Alhaji ya jinjina kai. "To ga shi nan, bakin ya kama ka. Kuma nawa ne, ɗana. Wanda da ka buɗe naka, da yabonka zai yi har su gaji su kashe waya."

Darasi: Ɓoye sirri dabara ce, amma wanda ya ɓoye wa mai ba da shaidarsa, ya ɓoye wa kansa hanya. In kana neman zama a wata ƙasa ko aiki a ko'ina, ka sanar da wanda ka ba da sunansa kafin a kira shi, kuma ka daina auna masoyinka da mudun maƙiyi. Ku tura wa wannan abokin naku da ko zazzaɓi ya yi sai ya ce hannu aka sa masa. Kar dai ku ce ni na ce da shi nake.